Fim da Littafin da Suka Burge Ni Bana, da Waɗanda Na Ajiye a Rabi

Wata ɗaliba daga Tudun Wada a nan Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce ita da ƙawayenta suna da 'yar ƙungiyar karatu, kuma sun shirya zama a ƙarshen shekara, inda kowacce za ta faɗi fim da littafin da suka fi burge ta da waɗanda suka fi ba ta haushi. Tana so ta ji nawa zaɓin, da abin da nake aunawa da shi, tunda na daɗe ina gyara wa marubuta rubutu kafin ya fita, ina kuma sharhin finafinai.

To ƙanwata, Allah ya yi wa wannan zama naku albarka. Ma'aunin zan fara ba ki, don ya fi jerin sunaye amfani a gare ku. Bana abu guda ne ya raba mini abin da na so da abin da na ƙi, a fim da littafi baki ɗaya: shin mai labarin ya san inda zai tsaya tun kafin ya fara, ko kuwa tafiya kawai yake yi har ranar da jama'a suka gaji da shi? Duk abin da ya ƙayatar da ni bana yana da ƙarshe, kuma tun daga farko can ya nufa. Waɗanda suka gundure ni kuwa jan su aka yi ala tilas.

Wanda ya fi ba ni takaici fim ne mai dogon zango da ake saki duk mako a YouTube. Ba zan kama suna ba, domin yawancin waɗanda suka yi aikin yara ne masu neman na kansu, kuma cutar da ke jikinsa tana jikin wasu da dama. Abin da ya ƙara mini haushi shi ne ya fara da kyau. Zangon farko rigimar gado ce: uba ya rasu ya bar gida da shago, 'ya'yan uwargida da na amarya suka sa juna a gaba. Labarin da kowa ya sani a unguwarsu, kuma da an rufe shi a kashi goma sha biyu da ya zama abin nuna wa ɗalibai. Sai aka ga ya karɓu, aka ƙi sakinsa.

Bari in zana miki fitowa guda daga zango na uku, ki gaya mini ko ba ki taɓa ganin irinta ba. Kyamara ta tashi sama ta nuno rufin gida. Maigadi ya rugo ya buɗe ƙofa. Mota ta shigo, ta juya, ta tsaya. Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo, ya yi sallama. Hajiya ta amsa, aka gaisa, ya aiki, ya gajiya, ya yara. 'Yar aiki ta kawo ruwa da lemo a faranti, ta durƙusa, ta zuba, ta fita. Alhaji ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya ce, "Hajiya, akwai maganar da nake so mu yi." Nan take aka yanke, aka saka tallan maganin basir da na filaye. Da aka dawo, wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya miƙe, ya ce, "Bari in je in dawo." Fitowa ta gaba kuma Hajiya ce ta kira ƙawarta tana ba ta labarin abin da muka gama gani da idonmu. Kusan kwatan awa ya tafi, datar mutum ta tafi, labari bai matsa ko taku ɗaya ba. Da maganar gadon ta ƙare musu, sai aka shiga kame-kame: jaruma ta yi hatsari ta manta kowa, wanda muka halarci jana'izarsa ya dawo da rai, aka tono wani ɗa da aka musanya a asibiti shekara ashirin da suka wuce. A nan na sauka.

Kada ki ɗauka lalaci ne kawai. Yadda kuɗi ke shigowa ne ya tanƙwara labarin. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa a kaset ake sayar da shi, daga baya a faifai. Furodusa ya gama fim, ya kai kasuwa, ya karɓi kuɗinsa, ya shiga wani. Masu tura finafinai a waya suka kashe wannan kasuwa, tunda da 'yan canji za a cika wa mutum waya da finafinai, ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya zuba jari. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai ci gaba duk mako. Da aka shiga kullen korona a 2020, kowa na gida da waya a hannu, sai masana'antar ta karkata ga YouTube kusan gaba ɗaya. Shi kuma YouTube yana da sharuɗɗansa. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma bidiyo sai ya kai minti 8 kafin a iya cusa masa talla a tsakiya. Abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ba, don haka furodusa ya dogara da yawan mintoci da kuma 'yan kasuwar da ke ba shi talla kai tsaye. Mai talla kuma sunan da jama'a suka riga suka sani yake so. Kin ga ke nan rufe labarin da ya karɓu daidai yake da rufe shago. Shi ya sa ake zuwa lokeshin rubutu bai kammala ba, wani lokaci marubuci na gefe yana rubuta abin da za a ɗauka da yamma.

Na fahimci wannan, ina kuma tausaya musu. Amma fahimta ba ta mayar mini da lokacina ba. Kuma tsawo shi kansa ba laifi ba ne. Dadin Kowa tun 2015 yake tafiya, amma an gina shi a kan gari guda mai gidaje da yawa, in rigimar wannan gida ta mutu ta wancan ta taso. Mu nan Kaduna ma da dogon shiri muka tashi. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, wanda ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa, shekaru ya yi a rediyo da talabijin, amma kowane shiri da nasa ƙulli da warwara, ka tashi ka san an ba ka abu cikakke. Haka su marigayi Ƙasimu Yero. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki rigimar gida ɗaya, mai ƙulli ɗaya, a ce sai ta yi shekara uku.

Wanda ya fi burge ni kuwa gajeren fim ne da bai kai rabin awa ba, wasu matasa suka haska mana shi a wani ɗan taro a cikin gari. Bai fita kasuwa ba tukuna, ina dai ta matsa musu su sake shi. Direban Keke ne a Rigasa, fasinja ta manta babbar waya a kujerar baya. 'Yarsa na kwance ba lafiya, mai Keke na jiran balas ɗin kwana biyu. Shi ke nan labarin, daga azahar zuwa bayan isha'i. Akwai inda ya zauna wurin mai shayi, ya ajiye wayar a kan benci, ta fara ruri. Kyamara ta nuna fuskar wayar, an rubuta "Mama". Ya sa hannu ya kife ta. Mai shayi ya dube shi, ya dubi wayar, bai ce uffan ba, ya ci gaba da sheƙa shayinsa daga kofi zuwa kofi. Wayar ta sake ruri a kife, bencin na karkarwa. Babu kiɗan tausayi, babu muryar zuci tana yi mana bayanin halin da yake ciki. Ɗakin da muke kallo ya yi tsit.

Abu biyu suka ƙara masa daraja a wurina. Na farko, ba a kawo wani malam a ƙarshe ya tara jama'a ya fassara mana darasin ba. Finafinanmu suna yawan raina hankalin mai kallo, sai an nuna masa abu, sannan a faɗa masa, sannan a yi masa wa'azi a kai. Na biyu shi ne na fi so ku lura da shi, ku 'yan Kaduna. Mai wayar mace ce daga kudancin jihar, Hausarta irin wadda muke ji kullum a Kasuwar Barci da Sabon Tasha da Kakuri, tana sauya namiji da mace a magana, tana haɗawa da Turanci. Ba a mai da ita abin dariya ba. A yawancin finafinai, in aka sako wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne, to don a yi masa dariya ne, ko ɗan sanda ne, ko mai sayar da kayan gyaran mota. Alhali garin nan haka yake magana, kuma da wuya ka gan shi a fim yadda yake. Kullum falo ne mai manyan kujeru a gidan da babu wanda ya san garin da yake.

Ba wai ba shi da aibu ba. Sautinsa ya yi rauni, akwai wurin da ƙarar janareta ta cinye maganar mutum biyu. Wannan kuwa ciwon masana'antar ne baki ɗaya: a kashe kuɗi wurin hayar kyamara mai tsada da motoci, a bar ɗaukar sauti a hannun yaron da aka samu a wurin. Mai kallo yana iya yafe hoto mai duhu. Maganar da ba ya ji kuwa, wayar zai kashe.

Sauran abin da na kalla ba sai na daɗe a kai ba. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa ina kallo jefi-jefi don nishaɗi, kuma ina jinjina wa masu fassarar saboda kunnensu na kan titi, duk karin maganar da matasa suka ƙirƙiro sai ka ji ta a bakinsu. Sai dai wani lokaci barkwancin yana danne labarin, ana kuka a fim kai kana dariya. Na kuma ji daɗin yadda ake komawa ga finafinan sarauta da tarihi, musamman tun da aka zaɓi fim ɗin Mai Martaba ya wakilci Najeriya a neman shiga gasar Oscar a 2024. Ko ba komai an tuna cewa ana iya yin fim ɗin Hausa da mutum zai zauna ya gama a zama ɗaya.

Mu koma littafi, inda abin ya fi ci mini rai, don nan ne sana'ata.

Wanda na ajiye a rabi littafin waya ne, irin wanda ake sakin shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi a ce sai an tura kuɗi kafin a saka mutum cikin zauren WhatsApp ko Telegram. Ban ga laifin sayar da rubutu ba ko kaɗan. Kuɗin takarda da ɗab'i sun yi tashin gwauron zabi, musamman bayan da aka saki darajar naira a 2023, kuma da yawa cikin marubutan nan mata ne da wannan sana'a ke rufa musu asiri a ɗakunansu. Matsalar tana wani wuri. Raba littafi kashi-kashi ba yau aka fara ba, tun zamanin adabin kasuwar Kano muna sayen na ɗaya da na biyu da na uku, ko mu karɓo haya wurin mai shago. Amma a lokacin kowane shafi kuɗi ne daga aljihun marubuci, dole ya tsuke bakin alƙalami. A waya shafi ba ya cin ko sisi, ba abin da zai ce wa marubuciya ya isa haka. Ga masu karatu a zaure suna jiran ci gaba kullum, suna ba da umarni: a ƙara wa kishiya wuya, kada a kashe wane, a dawo da wance. Marubuciya ta koma mai dafa abin da aka yi oda.

Wanda na karanta ɗin, tauraronsa matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, likita ne, kuma soja, kuma yana da kamfanoni a Dubai, miskili ne ba ya dariya. Tauraruwar 'yar talakawa ce da kishiyar uwa ke gana wa azaba. An kwashe shafuka ana kwatanta ɗakinsa, turarensa, agogonsa, kalar motar da ya zaɓa yau. An kai babi na talatin bai ce mata komai ba sai tsaki. Da labari ya fara sanyi sai aka zuba batsa don a riƙe masu biya. Ƙa'idar rubutu kuwa ba a magana: kalmomi a manne, babu aya, babu waƙafi, rabin zance da Turancin da bai nuna ba. Abin da ya ba ni tausayi, yarinyar tana da baiwa. Akwai babi guda da ta kwatanta safiyar gidan haya, layin banɗaki da rigimar kuɗin wuta, wanda ya fi duk sauran littafin rai, domin shi ta sani. Edita kawai ta rasa, wanda zai ce mata ta zubar da kashi biyu cikin uku, ta gina littafin a kan gidan hayar nan.

Wanda ya fi kama ni shi ma a waya na karanta, shi ma mace ce ta rubuta, don kada ki ce ina ƙin na zamani. Bai fi a karanta shi a dare biyu ba. Mata ce a Kawo da mijinta direba ya fita da safe bai dawo ba, ba gawa, ba kiran waya, ba labari. Ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Dangin miji na cewa ta yi haƙuri ta jira, nata dangin na cewa ta kai magana gaban alƙali a raba auren. Marubuciyar ba ta ɗora laifi a kan kowa ba. Uwar mijin ma da ta fi kowa tsanani, ka gane cewa in ta yarda a raba auren, ta yarda ɗanta ya mutu ke nan. Kowa a littafin da irin bakinsa, ko an rufe sunaye za ka san wa ke magana. Kuma ta tsaya a daidai ranar da matar ta yanke shawara, ba ta bi ta har auren jikoki ba. Na ji an yi ta roƙonta ta yi na biyu. Ina fata ta ƙi.

Na kuma sake karanta Jiki Magayi bana, na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan da suka fito daga Zariya a zamanin gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Ɗan siririn littafi ne, amma a cikinsa an ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, an ƙulla ramuwa, an haifi yaro ya girma ya lalace, ramuwar ta ci kowa. Da yau ne aka ba wani wannan labari, zango biyar zai yi bai kai ga haihuwar yaron ba. Ku saka shi a jerin karatunku na baɗi. Haka nan ku nemi labaran da ke fitowa daga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata. Ƙa'idarta labari ya tsaya tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan takurawar ta fito da marubutan da suka iya zaɓen kalma. Garinku ma ba a bar shi a baya ba wurin tarukan littafi: a Kaduna aka fara bikin KABAFEST a 2017, a nan kuma aka fara bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021. In kun ji ana irin wannan taro ku je, za ku haɗu da marubuta ido da ido.

Game da zaman naku, ga abin da nake yi da ɗalibaina. Duk wadda ta kawo gwaninta, a ce ta ba da labarin a jimla biyar ba tare da ta duba waya ba. Labarin da aka gina da kyau yana taƙaituwa, wanda aka ja kuwa za ki ji ta fara "sai kuma, sai kuma" har ta rasa inda ta dosa. Wadda ta kawo wanda ta ƙi, ta faɗi daidai inda ta ajiye shi da abin da ya faru a wurin, don a nan ne ake gane ko aikin ne ya gaza ko kuwa ita ce dai ba ta son irinsa. Waɗannan biyun daban suke. Ni ba na son finafinan aljanu da tsafi, amma na san akwai waɗanda aka yi su da ƙwarewa, ba zan saka su a sahun marasa kyau don ba su dace da ra'ayina ba. Ku kuma raba son jarumi da ingancin fim, domin rabin gardamar da ake yi a kan finafinan Hausa gardamar magoya baya ce, kowa na kare gwaninsa tun bai kalla ba.

Sannan ku yi hattara da watan Disamba. Abin da mutum ya kalla makon jiya shi ne a bakinsa, wanda ya girgiza shi a watan Maris ya manta da shi. Kafin ranar zaman kowacce ta koma tarihin kallonta na YouTube da zaurukan da ta biya kuɗi ta shiga, ta rubuta duka a takarda, har da waɗanda ta bari a hanya. Na baɗi kuma ku sayi ƙaramin littafin rubutu tun Janairu, duk abin da aka gama a rubuta sunansa da layi biyu a ranar. In kun yi zaman, ki aiko mini da jerin naku, musamman na littattafan waya, don ku kuka fi ni sanin inda sababbin marubuta suke.